Saro kaya daga Sin: "ba matsala" ba alkawari ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida in ja hankalin 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Sabon Gari masu saro kaya daga biranen Gwanzu da Yiwu na ƙasar Sin. Duk ranar da aka buɗe kwantena aka ga kaya ba yadda aka yi odarsu ba, abin da ake fara cewa shi ne an cuce mu. Akwai macuta, ba musu. Amma asara mai yawa tana fitowa ne daga inda kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya gane shi, alhali al'adar ciniki ba ɗaya ba ce.

A fara da tayi. A wurinmu ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, har ya sallama, kayan kuma suna gabanka. A masana'anta kuwa ba a ma yi kayan ba tukuna. Idan ka matse mai kamfani ƙasa da abin da zai fitar da shi, da wuya ya ce maka a'a. Zai yarda, sannan ya cike giɓin a inda ido bai kai ba: zare ya ƙara siranta, a sa rini mai zuba, a rage faɗin yadi. Kai kana murnar ka iya ciniki, shi kuma a ganinsa kayan kuɗinka ya yi maka. Don haka a tsayar da siffar kaya kafin a taɓa farashi: giram nawa ne nauyin yadin a murabba'in mita, faɗinsa inci nawa, auduga kashi nawa, lambar launi ta Pantone, wato kundin da ya ba kowane launi lambarsa. A yanki samfuri biyu, kowa ya sa hannu a kai ya riƙe ɗaya.

Sai maganar baki. Ɗan Sin yana tsare mutuncin fuska ƙwarai, abin da suke kira "mianzi", shi ya sa ba ya son ƙin abu ƙiri-ƙiri. Idan ya ce "mei wenti", wato ba matsala, sau da yawa nufinsa ya ji ka. Mu ma ai mun san irin "to, za a duba" ɗin da ke nufin an gama magana. Kada ka tambaye shi ko zai gama cikin wata guda. Tambaye shi ran nawa zare zai shigo, ran nawa za a fara ɗab'i, injina nawa ya ware maka. Idan kuma aka yi kuskure, zage shi a zauren WeChat, manhajar hirarsu mai kama da WhatsApp, gaban yaransa yana iya sa ya daina amsa maka ɗungurungum. A tura masa hoto shi kaɗai, a faɗi abin da ake so, ko gyara ko ragi daga cikon kuɗi.

Awo ma yana cin mutane. Mu da yadi muke lissafi, su da mita. Yadi mita 0.914 ne, turmin yadi shida ke nan mita 5.49. Suna ƙirga manyan kuɗi da "wan", wato 10,000, kuma tafinta kan zame a nan ya ƙara ko ya rage sifiri. "Jin" ɗinsu rabin kilo ne. Kwanan wata kuma da shekara suke farawa, sai wata, sai rana.

Mu mun saba da amana da shaidu, wani lokaci ko takarda babu. Can abin da ke ɗaure kamfani shi ne jan hatiminsa a kan yarjejeniya. A duba sunan da ke hatimin ya yi daidai da na lasisin kamfani da na asusun da za a tura kuɗi. Tsarin da aka saba shi ne kafin alƙalami kashi 30, cikon 70 kafin lodi. Kada cikon nan ya fita sai wakilinka ya buɗe katan-katan da kansa ya gwada da samfuri.

Kalanda ita ce ta fi kayar da masu kayan Sallah. Sabuwar shekarar 'yan Sin tana faɗawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu kan rufe mako biyu zuwa huɗu, wasu ma'aikatan ma ba sa dawowa, sai a ɗauki sababbin hannu, kayan farkon dawowa su fito da aibi. Akwai kuma hutun mako guda daga 1 ga Oktoba. Ƙirga kwanakin yin kayan, ƙara fiye da wata guda a teku, ƙara kwanakin fitar da kaya a Apapa: wanda ya ba da oda ana gobe azumi, sai dai ya sayar a babbar Sallah. Sun kuma riga mu da awa bakwai, ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 4 na yamma ne a Gwanzu.

Idan sun gayyace ka cin abinci, je ka, a nan suke ƙulla zumuncin da suke kira "guanxi". Ka faɗa tun da wuri cewa "qingzhen" kake ci, wato halal, ka ɗaga kofin shayi a madadin giya. Tsaraba kuma ban da agogon bango, ban da abu guda huɗu, duka biyun lafazinsu yana kama da zancen mutuwa a harshensu.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Fagge, Kano