A Tuna da Otis Young a Tarihin Finafinan Kaboyi

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don in yi magana kan wani ɗan wasa baƙar fata na Amurka, Otis Young, da masu rubutu kan finafinan kaboyi suka cika tsallakewa. Tun da David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito a wani shirin kaboyi na talbijin a matsayin Bass Reeves, jami'in tsaro baƙar fata na Amurka a zamanin da, a 2023, wasu ke ɗauka daga kansa baƙar fata ya fara riƙe babban matsayi a irin wannan shiri. An daɗe da share hanyar.

A 1965 Raymond St. Jacques ya shiga zangon ƙarshe na shirin kaboyi na talbijin Rawhide, amma ɗaya ne cikin tawaga. Otis Young kuwa shi aka ɗora wa rabin nauyin shiri a The Outcasts na tashar ABC, daga Satumbar 1968 zuwa Mayun 1969, kashi 26. Ya fito a matsayin Jemal David, tsohon bawa da ya yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren Arewa. Abokin tafiyarsa Earl Corey, wanda Don Murray ya taka, tsohon hafsan Kudu ne da a da ya mallaki bayi. Sana'arsu farautar masu laifi don karɓar tukuicin da hukuma ta sa. Larura ce ta haɗa su, suna cin tuwo ɗaya kowa na kallon hannun ɗan'uwansa. Jemal David ba ya sunkuyar da kai, in an faɗa masa magana yana mayarwa. A ganina nan ne darajar shirin take, domin kafin lokacin yawanci dafa abinci ko kula da dawaki ake ba baƙar fata, alhali masana tarihi na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na kaboyi na gaskiya, wato makiyayan shanun Amurka, baƙaƙe ne.

Me ya kashe shirin bayan zango ɗaya? An sa shi daren Litinin ƙarfe tara, daidai lokacin da tashar CBS ke nuna Mayberry R.F.D. da Family Affair, waɗanda ke cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a shekarar. Ga kuma matsin lamba kan tashoshi su rage harbe-harbe bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968. Kasuwar finafinan kaboyi ma ta fara ja baya.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Young ya yi rawar gani tare da Jack Nicholson a fim ɗin The Last Detail a 1973, amma manyan ayyuka ba su zo ba. Ya koma karatun addini, ya zama fasto a Rochester ta jihar New York, sannan ya koyar da wasan kwaikwayo a Monroe Community College. Ya rasu a 2001 yana da shekara 69.

Ina fatan shafinku na nishaɗi zai ware masa rubutu na musamman, tare da St. Jacques.

Mai karatunku,
daga Kano