Wa ke riƙe da yaran masu aikin dare a Makka?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk sanda kuka ɗauko zancen mata da aiki a Saudiyya, lissafi ɗaya muke ji: a 2017 wajen kashi 17 cikin ɗari na matan ƙasar ne ke aiki ko neman aiki, yau sun haura kashi 30 da aka sa a gaba cikin shirin gwamnati na 2030. Ba na musu. Amma ko sau ɗaya ku tambaya mana, a hannun wa yara suke idan uwa ta fita?

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Asusun Hadaf na gwamnati, mai tallafa wa 'yan ƙasa su samu aiki, yana da shirin Kurra, mai biya wa mace wani kaso na kuɗin hadana, wato gidan rainon yara, muddin a kamfani take aiki, albashinta bai wuce riyal 8,000 ba, yaron kuma bai haura shekara 6 ba. A 2025 an ƙara hutun haihuwa daga mako 10 zuwa 12. 'Yan'uwanmu Hausawa masu jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, suna cin moriyar wannan, Allah ya ƙara. Sai dai Kurra ta 'yar ƙasa ce. Mai igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ba ta ciki, ko da a unguwar Misfala ta Makka aka yanke mata cibi, ita da uwar da ta haife ta. Ga kuɗin iyali da aka ɗora wa baƙi tun 2017, wanda ya kai riyal 400 a wata kan kowane mutum. Gidan da ke biyan na yara uku, ina zai ga na hadana?

Shi ya sa raino ya koma hannun tsofaffin unguwa. A lungunmu akwai wata baiwar Allah da kowa ke kira Iya. Ɗaki ɗaya gare ta, tukunyar gas na daga bakin ƙofa, yara reras a kan tabarma, ƙaraminsu a bayanta. Tana da amana ƙwarai, ba ta taɓa mayar da uwa don ba ta zo da kuɗi ba, amma hannunta biyu ne, kuma gwiwa ta fara ƙi. Ranar da ta kwanta ciwo, 'yan mata manya ne ke fashin makaranta.

Abin da ya fi ci min rai, akwai doka. Sashe na 159 na dokar ƙwadago ya wajabta wa duk mai ma'aikata mata 50 ko fiye ya tanadi wurin raino da masu raino, idan yaransu 'yan ƙasa da shekara 6 sun kai 10. Ma'aikaciya kawai dokar ta ce, ba ta tambayi launin fasfo ba. To amma kamfanin shara ko girki yakan rarraba matansa, biyar a wannan otal, goma a wancan, kowace ta ga kamar ba su kai adadin ba, kuma mai tsoron kafili ba ta kai ƙara. Shagala kuwa, wato 'yar aikin gida, wadda ke wanke ɗan wani ta goya shi, dokar ƙwadagon ma ba ta shafe ta ba.

Sannan lokaci. Makka ba ta barci a azumi da aikin Hajji, otal-otal na kusa da Harami sai bayan tarawihi aiki ke kankama, alhali hadanar da muka sani da la'asar ta kulle.

Roƙona, ku aika wakilinku Ma'aikatar Ƙwadago ya tambaya: kamfani nawa aka bincika kan sashe na 159, kuma me zai hana a horar da irin su Iya, a ba su lasisi da ɗakin da ba gas a ciki?

Mai sauraronku kullum,
daga Sharar Mansur, Makka