Sassaucin Tsofaffin Injuna A Dokar Tuƙin Tirela Ta Amurka Na Bukatar Wa'adi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wani sassauci da ke cikin dokar tuƙin manyan motoci a Amurka, wanda a ganina ya daɗe da wuce amfaninsa.

Tun daga ranar 18 ga Disambar 2017, hukumar FMCSA mai kula da tsaron sufurin manyan motoci ta wajabta wa direbobin dogon zango amfani da wata na'ura da ake jona wa injin mota, tana rubuta awannin tuƙi da kanta. Doka ta ba direban kaya awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, bayan ya huta awa 10 a jere. Kafin zuwan na'urar, littafi ake cikawa da biro, kuma biro abin da mai shi ya so yake rubutawa.

Sai dai an tsame motocin da aka ƙera injinsu kafin shekarar 2000, bisa hujjar cewa da yawa daga cikinsu ba su da kwamfutar da na'urar za ta karanta. A lokacin hujjar ta karɓu. Inda gizo ke saƙa shi ne, shekarar inji ake dubawa, ba shekarar jikin motar ba, don haka mutum zai iya sayen sabon jiki, ya ɗora masa injin 1999 da aka yi wa garambawul, ya koma littafinsa da bironsa a halal. Dokar awanni tana nan a kansa, amma shaidar bin ta ta koma hannun wanda ake son a sa wa ido. Ga kuma hayaƙi, domin waɗannan injuna sun girmi ƙa'idojin tace hayaƙi na 2007 da 2010.

Ba na ƙin tausaya wa direba mai mota ɗaya tak, wanda ake biya gwargwadon mil ɗin da ya ci, ya kuma ɓata awanni yana jiran lodi agogo na tafiya. Kukansa gaskiya ne, kuma maganinsa a biya shi lokacin jira. Amma gyangyaɗi ba ya tambayar shekarar inji, kuma iyalin da ke cikin ƙaramar mota a gaban tirela ba su da ta cewa a kan irin littafin da direban ke cikawa.

A shekarar 2022 hukumar da kanta ta nemi jin ra'ayin jama'a kan wannan sassauci. Nawa ra'ayin shi ne a fara toshe ƙofar sabon jiki mai tsohon inji, sannan a ba tsofaffin motoci na asali wa'adin wasu shekaru, tare da tallafa wa ƙananan masu motoci su sauya.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu