Auta, kar ka canza furojet ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum Auta, da fatan kana lafiya, ya karatu ya zafin Kano. Mu nan duk lafiya lau, innarka tana gaishe ka. Na saurari saƙon muryarka, wai kana so ka je wajen malamin da ke duba aikinka a canza maka furojet ɗinka na manhajar ba manoma shawara da ka gina a kan mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin fitar da hukunci daga hujja, saboda abokanka sun ce mantiƙi tsohon yayi ne, yanzu kowa harkar irin su ChatGPT yake yi, kuma wai ba a samun aiki da shi. Ni dai ban yarda ba, kuma tunda a waya netwok ɗin ƙauyen nan ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance shi ya sa na zauna na rubuta, sai ka yi haƙuri da tsawonta.

Takardun da ka turo ta WhatsApp na karanta su, a hankali dai, ka san ido ya fara gajiya, amma wanda ya koyar da lissafi a sakandare har ya yi ritaya alamomin nan ba za su tsorata shi ba. Kuma da yawa daga abin da ke ciki mun ci karo da shi a zaure tun ba a haife ka ba. Malamin nan mai Ahalari da kuka karanta a islamiyya, shi ne dai ya yi littafin Sullamu a fannin mantiƙi a ƙarni na 16, kuma Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har musayar baitoci suka yi da Imamu Suyuɗi a kan fannin, Suyuɗi yana hanawa shi yana karewa. Kaga ashe ba yau aka fara cewa a bar shi ba.

To amma ka gane inda gizo ke saƙar. Mantiƙin da muka karanta, da wanda su George Boole da Frege suka mayar lissafi a ƙarni na 19, yana da hali ɗaya, in ka tabbatar da abu ya tabbata kenan, duk bayanin da za a ƙaro daga baya ba zai rushe shi ba. A lissafi wannan daidai ne, kusurwoyin alwatika a shimfiɗaɗɗen fili digiri 180 ne ko da wa ya zo da wane labari. Amma zaman duniya ba haka yake tafiya ba. Ɗauki rabon gado, tunda ka sha zama kusa da ni ana yi. Mutum ya rasu ba ɗa ba jika, ya bar mata da ɗan'uwa shaƙiƙi, sai ka ce matar tana da rubu'i ɗan'uwa ya kwashe saura, hukunci ya fita sarai. Can sai a ce ai matar tana da ciki, ta zo ta haifi namiji, shikenan rubu'i ya koma sumuni, ɗan'uwan nan kuma ko sisi ba shi da shi, ɗa ya katange shi. Babu ƙa'idar da ta zama ƙarya a nan, bayani ne ya ƙaru sai sakamakon farko ya faɗi. Irin wannan tunanin mai janye hukunci shi ne ya ba masu binciken ƙirƙirarriyar basira wahala, har a 1980 Raymond Reiter ya fito da nasa tsarin, John McCarthy ma ya fito da nasa, duk dai don kwamfuta ta iya cewa na ɗauka haka ne sai in an zo da abin da ya saɓa. Misalinsu na kullum tsuntsu ne, an ce maka tsuntsu ka ce yana tashi, sai a ce jimina ce ka janye.

Akwai kuma matsalar da McCarthy da Patrick Hayes suka tayar tun 1969, cewa in abu ɗaya ya faru ta yaya na'ura za ta san sauran abubuwa suna nan yadda suke ba sai an lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya ba. Da na karanta wajen sai da na yi dariya ni kaɗai, don malaman usulu istis'habi suke ce masa, abu yana nan a kan asalinsa sai an sami dalilin canzawarsa. Ban ce su suka warware wa masu kwamfuta matsalar ba, a'a, faɗar ƙa'idar da baki daban, rubuta ta yadda inji zai bi bai ɓata ba daban, kuma nan ne aka sha wuya. Amma kai da ka tashi da wannan karatun a kunnenka kana da abin da na kusa da kai a aji ba lallai yana da shi ba, kar ka raina shi.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ce kar ka saki, wato maganar mahalli, yanayin da magana take gaskiya a cikinsa. McCarthy ɗin nan, shi ne fa wanda ya raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna lokacin shirya taron Dartmouth na 1956, a 1993 ya rubuta cewa a daina ajiye magana tsirara a cikin kwamfuta, a riƙa rubuta magana kaza gaskiya ce a cikin mahalli kaza, kuma shi mahallin kansa ya zama abu ne da za a iya ambata, a yi hukunci a kansa, a shiga cikinsa a fita. Gizo mijin Ƙoƙi ne, gaskiya ne a cikin tatsuniya, amma ba za ka je kotu ka ba da shaida a kai ba. Abin da ya fi burge ni shi ne da ya nuna babu wani mahalli na ƙarshe da ya haɗiye duka, duk wanda ka tsaya a ciki akwai wani abu da ka ɗauka ba ka faɗa ba, kuma wani zai iya fita waje ya nuna maka shi. Sannan wahalar gaske tana wajen ɗauko magana daga wani mahalli zuwa wani. In na ce maka kwanon gero ya kai kaza, mu biyu mun gane don mun san Maigatari nake nufi, kasuwar Alhamis ɗin da ta wuce, kuma da naira ba sefa ba tunda bakin iyaka ne, da irin kwanon da ake awo da shi a can. Ka ɗauki wannan jimlar yadda take ka ajiye ta kusa da farashin kasuwar Dawanau na watan jiya, ka ga ka fitar da ƙarya daga gaskiya biyu. Dole sai an rubuta ƙa'idar da za ta cika abin da aka yi shiru a kai kafin maganar ta ƙetare, kuma wannan ƙa'idar ita ce aikin, sauran duk ado ne.

Ba zan ɓoye maka inda hanyar ta gaza ba don na san abokanka da shi za su kayar da kai. Douglas Lenat ya fara aikin Cyc a Amurka a 1984, aka zauna ana rubuta wa kwamfuta sanin yau da kullum da hannu, shekaru da dama, miliyoyin jimloli, kuma har ya rasu a 2023 abin bai zama yadda aka yi buri ba. Amma ko a can da ilimin ya yi yawa ya fara cin karo da juna, abin da ya cece su shi ne raba shi gida-gida, kowane gida ba ya saɓa wa kansa ko da ya saɓa wa na maƙwabci, wannan shi ne aikin digirin Guha, abokin aikin Lenat, na 1991 a Stanford da na gani cikin takardunka. Rubuta komai na duniya da hannu ne ya gagara, ba tunanin ne ya mutu ba.

Ka kuma sake karanta labarin MYCIN da kyau. Manhaja ce da aka yi a Stanford a shekarun 1970 tana ba da shawarar magani kan ƙwayoyin cuta a jini, kuma a fagenta ta yi ƙoƙari sosai. McCarthy ya kawo misali cewa in ka gaya mata mara lafiya yana da ƙwayar kwalara a hanji, za ta rubuta masa maganin kashe ƙwayar na sati biyu shikenan, ba ruwanta da ƙarin ruwa, alhali mu da muka ga amai da gudawa a ƙauyukan nan mun san rashin ruwa a jiki ne ke kisa tun kafin magani ya gama aiki. Ba ta yi kuskuren lissafi ba, ba ta dai san ta fita daga gonarta ba. Su kuma na yanzu masu hira irin su ChatGPT, yayanka ya sa min ɗaya a waya, wallahi bakinsu da zaƙi kuma suna bin zaren magana fiye da na da nesa ba kusa ba, amma za su ba ka amsa da cikakken ƙarfin hali ko sun sani ko ba su sani ba, in ka ce kawo hujja sai su ƙirƙiro maka wata. Imamu Malik da girmansa an san shi da yawan cewa ban sani ba. Injin da zai iya faɗar haka a daidai wurin da ya kamata, kuma ya nuna dalili, har yanzu ana nemansa, to kai kuma kana so ka gudu daga wajen.

Ga shawarata kan aikin naka na ba manoma shawara. Ka rage buri, ka bar maganar Najeriya gaba ɗaya, ka ɗauki wuri biyu kawai, tudun nan namu na ƙasar Gumel mai rairayi da fadamar Haɗeja. Mu nan akwai mai yin binne ya zuba gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, tsoronmu fari da tsayawar ruwa bayan shuka, su can tsoronsu ambaliya ta cinye shinkafa wajen watan Agusta da Satumba, ga kachala ta toshe hanyar ruwa. Shawara ɗaya ba za ta yi wa mu biyun ba. Kowace ƙa'ida ka rubuta, ka rubuta a gefenta inda take aiki da abin da ke karya ta, in manomi ya yi tambaya bai faɗi inda gonarsa take ba manhajar ta tambaye shi, kar ta yi masa zato. In kana so ka sa mai hirar nan ya karɓi tambaya da Hausa ya mayar da amsa, ba laifi, amma hukuncin ya fito daga ƙa'idojin da za a iya bi a duba. A haka ka taɓa abin da abokanka ke yi kuma ba ka saki naka ba, maganar aiki kuwa arziki na Allah ne, ba na son ka zaɓi karatu don tsoro.

Sannan ƙa'idojin nan ba a ɗakin kwananka na makaranta za ka same su ba, sai ka zo ka durƙusa gaban dattawa da ma'aikacin gona ka tambaya, kuma in tsoho ya ce maka haka ake yi, ka bi shi da tambayar yaushe ne ba a yin haka, don sai an tambaya suke tuna togaciyar. Ka nemi izininsu kafin ka naɗi muryar kowa. Maganar gado da na kawo kuma misali ne kawai, dan Allah kar in ji ka sa manhaja tana ba mutane fatawa.

Ka je wajen malamin naka da wannan tsarin na wuri biyu a rubuce ko shafi ɗaya ne, ka ji abin da zai ce, in ya ga akwai gyara ka karɓa ba musu. Ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar lokacin waya tana da caji. Kuɗin data sai an sayar da riɗi, innarka kuma ta ce in ka tashi zuwa ka taho mata da maganin ƙafarta irin na wancan karon.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka