Sanarwa kan buga takardu gaba da baya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga ranar Litinin, duk takardar da za a buga a ofishinmu na Garki a riƙa buga ta gaba da baya. Rim ɗaya falle 500 ne, amma yanzu ko sati ba ya kai mana.

Firintar sama tana juya takarda da kanta. Ta ƙasa ce mai rigima: ku fara buga shafi na 1, 3, 5, ku juya takardun ku mayar, sannan 2, 4, 6. Don Allah a gwada da falle ɗaya tukuna, ni kaina na sha fitar da shafi a juye. Wasiƙun da Oga zai sa wa hannu dai a bar su fuska ɗaya.