A rubuta ƙa'idar duba masu ciwon damuwa ta waya kafin wata annobar ta zo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana da abokan aikinmu da kuma Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna a kan wani aiki da dole ta koyar lokacin Korona, wanda yanzu ake neman mantawa da shi. Daga ƙarshen Maris 2020 zuwa Yuni jihar nan tana cikin dokar kulle. Ƙwayar magani ana iya aikawa a karɓo wa mutum daga asibitin Barnawa ko na Shika, amma mai ciwon damuwa ko fargaba, wanda rabin maganinsa shi ne zaman tattaunawa da masani duk mako, ba shi da ɗan aike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗannan cututtuka biyu sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar. Waya ce ta riƙe wannan aiki, kuma tana da ƙa'idojinta.

Kiran murya ya fi bidiyo a wajenmu. Bidiyo na cin data da caji, hoto ya riƙa daskarewa a tsakiyar magana mai nauyi, kuma da yawa cikin marasa lafiya ƙaramar waya mai madannai ke gare su. Ma'aikaci ne zai kira, mara lafiya iyakarsa filashin, domin wanda ke lissafin katinsa ba ya sakin jiki ya yi magana.

Babbar matsalar ita ce sirri. A asibiti ƙofa ake rufewa. A gidan haya na Rigasa ko Sabon Tasha kuwa, ɗaki ɗaya ne da yara, maƙwabta na tsakar gida, sau da yawa ma wayar ta maigida ce. Saboda haka ba a ambaton asibiti sai an tabbatar da wanda ya ɗauka. Tambayoyin farko su zama masu amsar e ko a'a: "Hajiya, ke kaɗai ce? Akwai mai jin mu?" Tun zaman farko a ajiye wata kalma tsakani, misali ta ce "bari in duba tukunya", wato wani ya shigo, sai ma'aikaci ya koma gaisuwa da tambayar yara har ta sake buɗe maganar. Idan matsalar tata mijin ne ko uwar miji, wannan kalma ita ce tsaronta. Kada a tura saƙon da ya ambaci sunan ciwo, kada a bar saƙon murya, kuma a bar ta ta ajiye lambar da sunan da ta ga dama. Lokacin kira ma ita za ta zaɓa. Mata kan fi samun sarari bayan azahar, maza kuwa a zaure ko cikin mota.

Sai tsaron rai. A farkon kowane kira a tambayi mutum inda yake a daidai lokacin, unguwa da layi da kwatancen masallaci ko coci ko shago, tun da lambar gida ba ta kai mutum ko'ina a yawancin unguwanninmu. A karɓi lambar ɗan'uwa ɗaya da ya yarda da shi, da izininsa. A kuma yi yarjejeniya: in layi ya katse ana cikin maganar hatsari, za a sake kira sau uku cikin minti goma, in bai shiga ba za a kira ɗan'uwan. Tambayar ko yana tunanin kashe kansa a yi ta kai-tsaye, ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya amsa e, a sa ɗan'uwan ya kwashe fiya-fiya da sauran maganin ƙwari daga gidan, ya riƙe ƙwayoyin a hannunsa yana ba shi na kullum, musamman amitriptyline da yawan shanta ke taɓa zuciya, sannan a kawo shi asibiti ko da ana kulle.

Zaman da ke cin minti hamsin a ofis ba ya yiwuwa a waya. Minti talatin ya isa, gara a yi sau biyu a mako da farko. Tun da ba a ganin fuska, abin da ido ke ɗauka sai an tambaya: ya yi wanka yau, sau nawa ya ci abinci, ƙarfe nawa barci ya ɗauke shi, ƙarfe nawa ya farka. Shiru ma sai an kula da shi. A ofis shiru na ba mutum damar tattara tunani, a waya kuwa ɗauka yake sabis ya ɗauke ko an gaji da shi, don haka a riƙa cewa "ina nan, ina jin ka." Ma'aunin tsananin ciwon damuwa da ake kira PHQ-9 yana karantuwa a waya: tambaya tara a kan makonni biyun da suka wuce, kowace daga sifiri zuwa uku, jimla 27. Daga goma zuwa sama akwai aiki. Tambaya ta tara kuwa, ta tunanin mutuwa, ko maki ɗaya ta samu a ajiye sauran a bi ta.

Horon natsuwa, wato koyar da mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da ke faruwa a jikinsa yanzu, shi ya fi sauƙin turawa ta waya, kuma shi aka fi ɓatawa. Tsarin da Jon Kabat-Zinn ya fara a Amurka a 1979 na mako takwas ne, da atisayen minti arba'in da biyar kullum. Uwar 'ya'ya biyar a cikin kulle ba ta da wannan lokacin. Minti biyar sau biyu a rana, a liƙa shi da abin da mutum ba ya fashin yi, kamar bayan sallar asuba ko addu'ar safe da kuma kafin kwanciya, ya fi ɗorewa. A ranar farko a faɗa a fili cewa wannan motsa jiki ne na numfashi da hankali, ba ibada ba ne, bai kuma maye gurbin zikiri ko addu'a ba. In ba a faɗa ba, wani a gidan zai faɗi akasin haka, mutum ya daina ba tare da ya sanar ba.

Yadda ake yi: a zauna, hannu ɗaya a ciki, a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida. Numfashi shida ke nan a minti. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa mutum "ja dogon numfashi." Sai ya yi ta zuƙa da ƙarfi da sauri, iskar kabon da ke jininsa ta ragu, jiri ya kama shi, yatsu da leɓe su yi tsirr, ya ɗauka zuciyarsa ce ko kuma iska ce ta taɓa shi. Gyaran shi ne ƙaramar shaƙa da doguwar fitarwa. Wanda ya tashi daga ciwon sarƙewar numfashi, ko mai asma, sa hankali a kan numfashin ma shi ke tayar masa da firgici. A mayar da shi kan tafin ƙafarsa da ke taɓa ƙasa, ko sautukan da yake ji. Haka wanda ya taɓa shiga hannun masu garkuwa da mutane, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a jihar nan: yana rufe ido dajin ke dawo masa. Ya bar idonsa a buɗe, ya ambaci abu biyar da yake gani, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji. A ɗaki ma'aikaci na ganin wanda fuskarsa ta sauya ya tsayar da shi. A waya ba ya gani, don haka duk bayan minti biyu ya tambaya, kuma kada a tura wa kowa murya da aka naɗa sai an yi atisayen tare da shi sau ɗaya.

Ajin taro ta WhatsApp yana tona asiri, domin kowa na ganin lambar kowa. Gara saƙon da ke isa wa kowane mutum shi kaɗai. In taron ya zama dole, kada a wuce mutum takwas, maza daban mata daban, a hana naɗar murya.

Akwai waɗanda waya ba ta wadatar musu: mai jin muryoyi ko zargin ana farautarsa, mai jegon da ta kwana biyu ba barci tana sambatu, mai shan allurar wata-wata, da wanda ya katse giya ko ƙwayar sa barci ta diazepam farat ɗaya, wanda jijjiga ke iya kamawa. Waɗannan a gan su ido da ido, a baranda ko ƙarƙashin bishiya, da takunkumin fuska da tazarar mita biyu in ana cikin annoba.

Roƙonmu ga ma'aikatar shi ne a tattara waɗannan a takarda shafi biyu a raba wa asibitoci har da na matakin farko. A ba kowane sashe layin waya na asibiti da kuɗin kati, don ma'aikaci ya daina kira da lambarsa a kuma daina tashinsa tsakar dare. A riƙa shigar da zaman waya cikin fayil kamar kowane zama, domin sirrin mara lafiya da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare bai tsaya a ofis kaɗai ba. Kuma tun da an taɓa datse layukan sadarwa a wasu sassan jihar nan a ƙarshen 2021, a buga atisayen numfashin da Hausa, boko da ajami, a ba kowane mara lafiya ya tafi da shi gida tun zamansa na farko.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa,
Kaduna.