Farfesan da kuka kawo ranar Asabar ya ɓata min rai

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina shagon ubangidana a Shara Mansur nan Makka ina jera kaya na ji baƙon nan naku yana cewa wai yaran yanzu ne ba sa son karatu, waya ta cinye musu lokaci, shi ya sa ake yaye masu digirin da ko wasiƙa ba su iya rubutawa. Haba Malam! Kuma mai gabatarwa yana ta "haka ne, haka ne", ko sau ɗaya bai ce masa uffan kan handawut ba, wato takardun darasi da malaman jami'a ke sayar wa ɗalibai.

Shekarata 17 a Makka, abin da na samu na tura gida, ɗana yana aji uku a wata jami'a a Najeriya. Duk zango sai ya kira ni, Baba a turo na handawut, kuma ba karantawa ake ba wallahi, shugaban aji ne ke riƙe da takarda yana rubuta sunan wanda ya saya ya kai wa malamin. Bara na ce ba zan biya na wani kwas ba don ranar ko riyal 50 ba ni da ita, yaron nan ya kwana yana karatu, sakamako ya fito an kayar da shi, abokinsa da bai shiga aji ya kai sau biyar ba ya ci. Da ɗana ya maimaita kwas ɗin ya saya, sai ga shi ya wuce, to ilimin a cikin rasit ɗin yake kenan? Yanzu ma an fara yi masa zancen "kuɗin mai" na wanda zai duba masa furojet.

Ku da kanku kuka ba mu labarin ɗan jaridan da ya samo digiri a Kwatano cikin mako 6, har gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a farkon 2024. Wannan ma laifin waya ne? Na san malamai na shan wahala, yajin aikin 2022 wata 8 aka yi, amma fa ba ɗan talaka ne ya riƙe musu albashi ba.

Sannan don Allah saƙon murya uku na tura muku ta WhatsApp tun azumi ba ku saka ko ɗaya ba, kullum Kano da Kaduna, mu na Saudiyya sai lokacin aikin hajji kuke tunawa da mu.

Naku, mai sauraro daga Makka.